Bororo da Salewar Fata a Bayan Hannun Matasa: Hanyar Tantance Cutar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa idan matashi ya zo asibiti da bororo a bayan hannu, fatarsa kuma tana salewa da ɗan gogar abu kaɗan, to ido kaɗai ba ya isa a yanke hukunci. Akwai cututtuka uku masu kama da juna a fata, amma maganinsu ya sha bamban.

2.0 Cututtukan Uku

Ta farko ita ce forfiriyar fata. Asalinta daga hanta ne, inda sinadarin forfirin ke taruwa, ya bi jini zuwa fata, hasken rana kuma ya sa shi ya yi ɓarna. Galibi takan kama manya ne. Saboda haka idan aka gan ta ga matashi, wajibi ne a bincika gado, da ciwon hanta nau'in C, da cutar ƙanjamau, da barasa, da ƙwayoyin tsarin iyali, da yawan sinadarin ƙarfe a jiki. Guba ma na jawo ta. A Turkiyya, tsakanin 1955 da 1959, dubban mutane, akasarinsu yara, sun kamu bayan sun ci irin alkamar da aka yi wa maganin ruɓa.

Ta biyu ita ce forfiriya mai fuska biyu, wadda ta yawaita a Afirka ta Kudu. Bayan bororo, takan tayar da matsanancin ciwon ciki da shanyewar jijiyoyi idan aka ba mai ita wasu magunguna, kamar finobabiton.

Ta uku kuwa kama ce kawai, watau forfiriyar ƙarya. Magunguna irin su nafroksin da furosemaid da tetirasaikilin ke haddasa ta.

3.0 Bincike

Da farko mu tambayi magungunan da majiyyaci ke sha. Sa'an nan a auna forfirin a fitsari da ruwan jini, tare da rufe kwalbar daga haske. A ta farko fitsari yakan yi ƙyallin ja-ja ƙarƙashin fitilar Wood. A ta biyu ƙyallin ruwan jini yakan kai ƙololuwa wajen nanomita 626. A ta uku kuwa awon yakan fito daidai.

4.0 Kammalawa

Ɗibar jini a kai a kai, ko ƙanƙanin kulorokwin sau biyu a mako, na warkar da ta farko, amma cikakken awon kulorokwin yana iya illata hantar mai ita. Wannan magani ba ya amfanar ta biyu. Ta uku kuwa dakatar da maganin da ya jawo ta ake yi. Don haka muna ba da shawara kada a fara magani sai sakamakon awo ya fito.