Hannu da Alƙalami: Yadda Ɗalibin Zayyana Ke Koyon Ƙira da Rubutun Ilimi

Karatun zayyana a jami'a yana tafiya ne a kan ayyuka biyu. Na farko aikin hannu ne: zane, ginin tukwane da tangaran, saƙa, rini, tsara fasalin littafi ko allon talla. Na biyu kuwa rubutun ilimi ne, wato bayyana a takarda abin da aka ƙera, da dalilin ƙera shi haka, da abin da wasu suka riga suka gano a kansa. Galibin masu shiga wannan fanni aikin hannun ne ya jawo su. Yaro ya tashi yana zana motoci a bayan littafin lissafi, yarinya ta saba zaɓar wa ƙawayenta ɗinkin salla, sai su iso jami'a suna zaton sun yi sallama da dogon rubutu. Kafin a rufe zangon farko sukan gane cewa alƙalami na jiran su a bakin situdiyo.

A arewacin Najeriya, Zariya ce cibiyar wannan karatu mafi daɗewa. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kuma shi Jami'ar Ahmadu Bello ta gada lokacin da aka buɗe ta a 1962. Daga baya aka ware sashen zayyanar kayan masana'antu, wanda ya yi suna a tangaran, da zayyanar tufafi, da zanen talla da ɗab'i, har da aikin gilashi. Tun a farkon tarihin wurin hannu da alƙalami suke tare. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ba su gamsu da manhajar da ta dogara kacokan kan salon Turai ba. Ba su tsaya ga sauya yadda suke zane ba, sun kuma rubuta matsayarsu: a 1960 Uche Okeke ya fitar da takardar da ta yi kira a haɗa fasahar gargajiya da dabarun zamani. Zane-zanensu suna nan, amma rubutun ne ya sa na baya suka san abin da waɗannan matasa suke nufi.

Shekarar farko ta ɗalibi takan tafi ne wajen horar da ido da yatsu. Ana ajiye masa ƙwarya ko kujera ko naɗaɗɗen zane, a ce ya zana abin da yake gani, ba abin da yake zaton ya sani ba. Wannan ya fi yadda ake tsammani wuya. Kowa ya san bakin ƙwarya da'ira ne, amma wanda ya dube ta daga gefe, siffar ƙwai zai gani, kuma hannu yakan ƙi yarda da ido har sai an yi ta maimaitawa. Daga nan ake shiga launi, da haske da inuwa, da daidaito, da yadda ake raba fili a kan takarda. Wannan tsari na shekarar share fage ya samo asali ne daga makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, aka rufe ta a 1933. A can kowane sabon ɗalibi sai ya bi ta ajin gwada kayan aiki kafin ya zaɓi fanni. Josef Albers, ɗaya daga cikin malaman ajin, yakan ba ɗalibai takarda zalla ya sa su lanƙwasa ta, su yanka ta, su ga iya abin da za ta ɗauka. Manufar ita ce mai ƙira ya san halin abin da ke hannunsa kafin ya ɗora masa buƙata.

Bayan kowane aiki akwai zaman dubawa. Ana liƙa zane-zane a bango ko a jera tukwane a tebur, malami da 'yan aji su kewaye, mai aiki ya tsaya ya yi bayani. Tambayar da ta fi yawa a wurin ita ce, me ya sa? Me ya sa aka sa ja a nan? Me ya sa mariƙin butar ya yi ƙasa haka? Ɗalibin da ya ce “haka kawai ya burge ni” bai amsa ba. Wanda ya ce ya sauke mariƙin ne domin idan buta ta cika nauyinta ƙasa yake komawa, kuma ya gwada a hannun mutum biyar, shi ya fara rubutun ilimi da baki tun kafin ya ɗauki biro. Ga iƙirari, ga hujja, ga yadda aka gwada.

Gadar da ke tsakanin aikin hannu da rubutu ita ce littafin situdiyo. Littafi ne da ɗalibi ke riƙewa kullum, yana zane a ciki, yana liƙa guntun ƙyalle ko hoton da ya ɗauka a kasuwa, yana rubuta awo da kwanan wata da abin da ya lalace. Fannin tangaran ya fi nuna amfaninsa. Yumɓu yana tsukewa idan ya bushe, ya ƙara tsukewa idan an gasa shi, kuma yumɓun wani gari ba halinsa ɗaya da na wani ba. Don haka kafin a gina komai, ɗalibi yakan yi 'yar sanda da ɗanyen yumɓu, ya ja layi mai tsawon santimita 10 a kanta, ya sake auna layin bayan bushewa da bayan gasawa. Idan layin ya koma santimita 8.8, yumɓun ya tsuke da kashi 12 cikin 100, kuma duk murfin da za a yi wa tukunya sai an yi lissafi da wannan. Gasawar farko takan kai kusan digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Ta biyu, bayan an shafa ruwan sheƙi, takan wuce 1,200 idan tangaran mai ƙarfi ake so. Shi ruwan sheƙin haɗi ne na garin duwatsu da yumɓu, wani lokaci har da toka, kuma ƙarin ɗan kaɗan na ɗaya daga ciki yana iya sauya launi baki ɗaya. Ɗalibi yakan gasa ƙananan fale-falen gwaji ashirin ko talatin, kowane da lambarsa. Wanda bai rubuta haɗin kowace lamba ba, ranar da launi mai kyau ya fito masa daga tanderu, ya same shi ke nan kuma ya rasa shi, domin ba zai iya maimaitawa ba. Abin takaici ne ƙwarai a ga aikin mako uku ya salwanta saboda layi biyu da ba a rubuta ba.

Tarihin tangaran a Najeriya ya nuna darajar ɓangarorin biyu. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane irin na Gwari tun tana yarinya, ba ta hanyar littafi ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tangaran da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, inda aka riƙa shafa wa manyan tulunanta ruwan sheƙi ana gasa su da wuta mai tsanani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Shi kuma Cardew ya tattara abin da ya koya game da yumɓu da tanderu a Afirka ta Yamma a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda masu tangaran ke dubawa har yau. Gwanintar hannun Ladi Kwali ba a iya zuba ta a takarda. Amma awon yumɓu da zafin wuta ana iya rubuta su, kuma da aka rubuta sun isa ga mutanen da ba su taɓa taka Suleja ba. Ɗalibin jami'a ana so ya riƙe duka biyun.

Rubutun ilimi ya sha bamban da insha'in sakandare. Ba a neman ƙawata magana ko zuba manyan kalmomi. Ana neman tambaya guda a fili, da amsar da aka gina a kan hujja, da gaskiya wajen nuna inda aka samo kowace magana. Sassa da dama na jami'o'in Najeriya suna bin tsarin APA, inda ake sa sunan marubuci da shekarar bugu a cikin jimla, sannan a kawo cikakken bayanin littafin a ƙarshe. Ɗaukar maganar wani ba tare da ambatonsa ba satar fasaha ce, kuma yanzu akwai manhajojin kwamfuta irin su Turnitin da ke gano ta. Ɗalibin zayyana bai kamata wannan ya yi masa wuyar fahimta ba, domin ya san zafin a kwafi zanensa a buga a riga ba tare da sunansa ba.

Shigar rubutu cikin makarantun zane ba tun fil'azal take ba. A Ingila, rahoton kwamitin da mai zane William Coldstream ya jagoranta a 1960 ya ba da shawarar a ware kusan kashi 15 cikin 100 na karatun babbar difloma ga tarihin fasaha da darussan da ke tallafa masa, domin takardar shaidar ta yi daidai da digiri. Tun lokacin ake muhawara a kan yadda za a sa rubutun ya yi wa aikin situdiyo hidima, kada ya zama wani kaya dabam da aka ɗora wa ɗalibi.

A ƙasar Hausa akwai wani ƙarin al'amari: ilimi mai yawa na wannan fanni ba ya cikin laburare, yana bakin masu sana'a. Ɗalibar da ke bincike a kan rini za ta karanta abin da aka wallafa, amma dole ta je marina, misali ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A can za ta ga yadda ake haɗa baba da toka a rami a bar su su tsima, da yadda zane ke fitowa kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi. Za ta gaida marini yadda ya dace, ta ce, “Baba, ta yaya ake gane ramin ya nuna?” Amsarsa hujja ce kamar ta littafi, muddin an rubuta wanda ya faɗa da wuri da rana, da izininsa. Wahalar takan zo wajen juya wannan zuwa Ingilishi, harshen da ake rubuta kundi da shi. Kalmomi irin su karofi da bugu da aska takwas ba su da takwarori, kuma hanya mafi kyau ita ce a bar su da Hausarsu a yi musu bayani sau ɗaya. Ɗalibai da yawa sun san abin da suke son faɗa, Ingilishin ne ke ɗaure musu harshe, sai su fake da dogayen jimloli da suka ara. Gajeriyar jimla da ta faɗi abin da aka gani a marina ta fi shafi guda na aro.

Shi ma mai zanen talla yana da tasa wahalar. Idan zai tsara fosta da Hausa a CorelDraw ko Adobe Illustrator, zai tarar nau'o'in haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ga shi kuwa “kafa” da “ƙafa” ba abu ɗaya ba ne. Idan saƙon zai tsallaka Nijar, can ana amfani da harafin ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Idan kuma masu karatun sun fi sabawa da ajami, shafin gaba ɗaya daga dama zai fara. Kowane zaɓi a nan yana buƙatar dalili, kuma dalilin shi ne abin da za a rubuta.

Kafin shekarar ƙarshe ɗalibi yakan tafi horon sanin makamar aiki na SIWES, a maɗaba'a ko masana'anta ko wurin wani gwani, yawanci na wata shida. Yana cike littafin aiki kullum, ya dawo ya rubuta rahoto. A can yake ganin cewa mai ba da kwangila ma rubutu yake so: bayanin abin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar gamawa.

Kundin kammala digiri yakan zo cikin babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyar bincike, sakamako, da kammalawa. Tsarin daga kimiyya aka aro shi, kuma ba kullum yake zama daidai a jikin aikin ƙira ba, domin mai ƙira yakan gano ainihin tambayarsa ne bayan ya lalata samfuri uku ko huɗu. Christopher Frayling na Kwalejin Fasaha ta Sarauta a Landan ya bambanta iri uku a wata maƙala ta 1993: bincike a kan fasaha, bincike ta hanyar yin ta, da bincike domin samar da ita. Yawancin kundayen ɗaliban zayyana na biyun ne, shi ya sa babi na uku da na huɗu suke fitowa kai tsaye daga littafin situdiyo, har da gwaje-gwajen da suka ƙi, domin tukunyar da ta fashe a wuta ita ma sakamako ce idan an san abin da ya fasa ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama ƙira tukuna, sannan a zauna cikin mako biyu a ƙago mata dalilai. Malami mai duba aiki yakan gane irin wannan tun daga shafukan farko.

Ranar kare kundi, ɗalibi yakan baje ayyukansa, kundin yana gefe. Malaman sashe da mai jarrabawa daga wata jami'a su zaga, su ɗaga buta su ji nauyinta, su shafa ƙyalle su ga ko rinin yana zuba, sannan su buɗe kundin su duba ko awon da ke shafi shi ne na abin da ke kan tebur. Makin ƙarshe daga duka biyun ake haɗa shi.