Haruffa Bakwai Ba Sa Isa Kullum

In ka kira "Musa" a wani gida a Gololo, mutum ɗaya zai amsa. Kira shi a tsakiyar kasuwar Azare, sai ka ga mutane da dama sun waiwayo. Irin wannan matsala ce ke kwance a cikin Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin aikin masu rubuta manhaja, wadda ɗalibin kwamfuta, ko a jami'ar Gadau yake ko a Kano, ba zai kauce mata ba. Kowane gyara da aka adana Git kan ba shi lambar shaida mai haruffa 40, gaurayen alƙaluma da haruffan a zuwa f. Tsawon ya yi yawa ga ido, don haka aka saba yanko bakwai na farko.

Haruffa bakwai suna ba da lambobi fiye da miliyan 268, shi ya sa mutane ke sakin jiki. Amma lissafi ya nuna da zarar abubuwan da ke ma'ajiyar aiki sun kai kusan 19,000, yiwuwar a sami biyu masu farko iri ɗaya ta kai rabi. Ma'ajiyar manhajar Linux kuwa tana ɗauke da miliyoyi. Dalilin ke nan da masu Linux suka koma haruffa 12, kuma tun 2016 Git da kansa yake ƙara tsawon gajeriyar lamba gwargwadon girman ma'ajiya.

Wani zai ce ai ba a asarar komai: in lamba ta dace da abu biyu, Git ba ya zaɓa da ka, yakan tsaya ya nemi ƙarin haruffa. Gaskiya ne, ga mai bugawa yanzu. Haɗarin yana ga lambar da aka rubuta aka ajiye, a bayanin gyara ko rahoton matsala. Ranar rubutun abu ɗaya take nufi. Bayan shekaru ma'ajiya ta girma, lambar ta koma nufin biyu, marubucin kuma ya bar aikin. Don haka nake ganin duk abin da za a ajiye don gaba, a rubuta lambarsa cikakkiya.

Ko haruffa 12 ɗin ma ba katanga ba ce ga mai niyya. A ƙarshen 2024 Kees Cook, ɗaya daga masu aikin tsaron Linux, ya ƙirƙiro da gangan wani gyara da haruffansa 12 na farko suka yi daidai da na gyaran farko a tarihin ma'ajiyar Linux.