Silikon Mara Tsari: Ya Sha Kaye A Kasuwar Sola, Ya Tsira A Talabijin

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe kalkuleta mai aiki da hasken rana ya san ɗan gilashin nan mai ruwan ƙasa da ke goshinta. Abin da aka shafe shi da shi ana kiransa silikon mara tsari, wanda a can baya aka yi zaton zai mamaye kasuwar farantan sola ta duniya.

Wajen haɗa shi, akan zuƙe iskar da ke cikin wata tukunyar ƙarfe, a shigar da gas mai suna silen, a sakar masa lantarki har ya farfashe ya zama abin da masana ke kira filasma. Daga nan ƙwayoyin silikon sukan sauka a kan gilashi mai zafin digiri 200 zuwa 300, a hargitse, ba sahu-sahu kamar na silikon ɗin da aka saba ba. Wannan hargitsi ya sa ya fi shan haske, ta yadda kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba ya isa, alhali farantin da aka saba yana cin fiye da ninki 100 na haka.

Walter Spear da Peter LeComber na Jami'ar Dandi a Sukotlan ne suka buɗe hanyar amfani da shi a 1975. A 1976 David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA a Amurka suka samar da lantarki da shi, kuma a 1980 Sanyo ya fara sanya shi a kalkuleta.

To, amma tun a 1977 aka gano cewa hasken da yake sha yana rage masa ƙarfi a watannin farko. Farantansa ba su cika wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ba wajen mayar da haske lantarki, yayin da na silikon mai tsari a yau suka haura kashi 20. Masu zuba jari sun kau da kai daga wannan rauni muddin silikon na da tsada, musamman a 2008 da kilo ya wuce dala 400. Da farashin ya faɗi ƙasa da dala 30 a 2012, hujjar tsimin kaya ta rushe, domin ƙarancin ƙarfi na nufin ƙarin gilashi, ƙarfe, fili da ladan jigila. A shekarar ce kamfanin Energy Conversion Devices, mai farantan Uni-Solar, ya durƙushe.

Ribar ta ɓullo ta wata kafa. Binciken Dandi na 1979 ya nuna za a iya ƙera ƙananan makunnan lantarki da shi, kuma su ne ke sarrafa hoto a yawancin talabijin shafaffu masu allon LCD. Haka kuma Sanyo ya fito da dabarar lulluɓe silikon mai tsari da siririn mara tsari, wadda da ita kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 26.81 a 2022.

Mai sarin farantai zai gane mara tsari da duhun launinsa bai ɗaya da siraran layuka, babu gida-gida. Ya kamata ya tambayi dillali ko ƙarfin da aka rubuta a jiki na ranar fitowa daga masana'anta ne, ko na bayan ya sha rana.