Digiri na Biyu a Lissafi: Kafin a Sayar da Fili, Duba Jerin Kwasa-kwasai

Ni ban taɓa shiga jami'a ba. Sakandare na gama, sauran a waya da tsohuwar laftop na koya. Amma ranar da na yi niyyar haɗa manhajar da za ta gane hoton ganyen tumatir mai cuta, sai na cije. Kodin ɗin bai gagare ni ba, lissafin da ke ƙarƙashinsa ne ya kayar da ni.

Shi ya sa da ƙanina ya kammala digirin lissafi da hidimar ƙasa, ya samu gurbi biyu na mastas a fannin lissafin aiki, na ce sai an yi da ni. Ɗaya a Ingila, da kuɗinka. Ɗaya a AIMS, da cikakken tallafi. Baba har ya fara maganar sayar da filinsa, don sunan Ingila ya fi daɗin faɗa a majalisa.

Ga abin da muka auna.

Me za a koya maka?

Mai karatu, wayar da ke hannunka lissafi ce tsantsa. Hoton JPEG yana ƙanƙancewa ne da dabarar raba hoto zuwa igiyoyin kosain. Nemo hanya mafi kusa a taswira ya samo tushe daga dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959. Tsarin RSA na 1977 mai kare sirri ya dogara ne kan wahalar warware babbar lamba zuwa lambobin da suka haife ta. Ƙirƙirarriyar basira kuwa aljebra ce da ƙididdiga.

To, shirye-shirye biyu na iya ɗaukar suna ɗaya, cikinsu ya sha bamban. Wani ya karkata ga motsin ruwa da iska, wani ga harkar kuɗi, wani ga koyar da na'ura. Sauke jerin kwasa-kwasan ka karanta. Akwai ƙididdiga? Akwai warware lissafi da kwamfuta? Za ka taɓa Python da hannunka, ko duk a allo za a ƙare?

Wa zai biya?

Mastas a Ingila yawanci shekara ɗaya ce, amma kuɗin makaranta da haya da fam ake biya. A Jamus shekara biyu ce, kuma mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kafin biza za ka nuna sama da Yuro 11,000 na zaman shekara. Ita AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a 2003 kusa da Cape Town, tana da cibiyoyi a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar nauyin karatu, masauki da abinci. A 2018 ta buɗe shirin AMMI na basirar na'ura a Kigali, da tallafin Google da Facebook. A gida akwai AUST da ke Abuja, ga ABU da BUK.

Ina tsofaffin ɗalibai suke?

Wannan wayarka za ta yi maka. Shiga LinkedIn, nemi mutum biyar da suka gama shirin, ka ga inda suke. Tura musu gajeren saƙo cikin ladabi. Sannan ka buɗe Google Scholar ka duba malamin da zai kula da bincikenka: yaushe ya wallafa aiki na ƙarshe, kuma a kan me?

Mun kwashe dare uku muna wannan aiki. Shirin Ingila mai kyau ne, amma ya fi ƙarfi a lissafin kuɗi, shi kuwa ƙanina koyar da na'ura yake so. Ya zaɓi AIMS.

Filin Baba yana nan. Ni kuma na kafa sharaɗi: duk darasin aljebra da aka yi musu, ya turo min hoton littafinsa ta WhatsApp. Manhajar tumatir tana jirana.