Fijo 'Yar Kaduna: Tarihin Motar Da Aka Haɗa A Kakuri Da Abin Da Masu Ita Suka Gani

Duk wanda ya taɓa leƙa dandalin sayar da motoci a Facebook ko Jiji zai lura da wani abu: Peugeot 406 mai tsafta takan yi araha fiye da Toyota Corolla sa'arta. Da zarar an sa hotonta kuwa, sai musu ya kaure. Wasu su rantse babu motar da ta kai ta daɗin tuƙi a doguwar hanya, wasu su ce wanda ya saye ta ya ɗauro aure da bakanike. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma tushen musun yana kudancin kogin Kaduna, a unguwar masana'antu ta Kakuri, inda aka shafe shekaru fiye da 30 ana haɗa motar da Hausawa suka raɗa wa suna Fijo.

Daga zarto zuwa mota

Kamfanin Peugeot ba da mota ya fara ba. A 1810 iyalan Peugeot suka mayar da wurin niƙan hatsinsu da ke gabashin Faransa masana'antar sarrafa ƙarfe, suna ƙera zarto, daga baya suka shiga ƙera injin niƙa kofi da kekuna. Zakin da ke gaban motar ma asalinsa tambarin zarto ne, wanda aka yi wa rajista a 1858 don a nuna kaifin haƙoransa da ƙarfinsa. Armand Peugeot ne ya ja gidan zuwa harkar mota: ya fitar da mai aiki da tururi a 1889, sannan mai shan fetur a 1890.

Motoci biyu ne suka buɗe wa kamfanin ƙofar Afirka: 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968 ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Dukansu sun yi nasara a tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ake yi a kan turɓaya da taɓo da duwatsu. Nan ne sunan motar ya kafu cewa ba ta tsoron mummunar hanya.

Yadda ta zama 'yar Kaduna

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin ƙasashen waje su zo su riƙa haɗa motoci a gida. Volkswagen ya zauna a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Mercedes kuma a Enugu. Kaduna ta samu Peugeot. An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a watan Disamba na 1972, aka buɗe masana'antar a 1975.

Kakuri ta dace da wannan aiki domin dama can unguwar ma'aikata ce. Masaƙar KTL tana nan tun 1957, ga Arewa Textiles, ga UNTL, ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga kuma layin dogo. Dubban mutane daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa saboda waɗannan masana'antu.

Ba daga tama ake ƙera motar a Kaduna ba. Sassanta ne ke zuwa a wargaje daga Faransa, a nan ake walda bodi, a yi fenti, a ɗora inji, a ja wayoyi, a gwada ta. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe a wancan lokaci, sai aka riƙa ɗauko sassan ta jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, daga nan a kawo su Kaduna. A shekarun da kasuwa ta fi buɗewa, wajen farkon shekarun 1980, masana'antar tana fitar da dubun-dubatar motoci a shekara.

Babbar kasuwarta gwamnati ce. Lokacin da mulkin Janar Olusegun Obasanjo na soja ya kawo tsarin rage facaka, Peugeot ce ta zama motar manyan jami'ai. Ma'aikacin da ya samu rancen mota kuwa, burinsa 504. A ƙauye kuma 404 a-kori-kura ce ke jigilar buhuna da dabbobi da 'yan kasuwa ranar cin kasuwa, yayin da 504 mai dogon baya ta mamaye tashoshin mota daga Kaduna zuwa Kano, Jos da Sakkwato.

Me ya sa tsofaffin direbobi ke yabon 504?

Yabon yana da dalilai na fasaha. Na farko, tayoyin baya ne ke tura motar, kuma tana da tsayi daga ƙasa, ga shakazoba mai doguwar tafiya da ke shanye rami ba tare da ta jijjiga fasinja ba. Na biyu, injinta mai sauƙi ne: kafireta ke haɗa mai da iska, sarƙa ce ke daidaita lokacin bawul maimakon bel, babu wata kwamfuta a ciki. In ta mutu a daji tsakanin Kachia da Kafancan, direba da yaronsa za su buɗe bonet, su busa kafireta, su goge fulogi, su ci gaba da tafiya. Na uku, kayan gyaranta suna ko'ina, har a ƙananan garuruwa.

Shi ya sa Turai ta daina yin 504 ta gida tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006. Tana da nata aibin: tana shan mai idan aka gwada da motocin yanzu, tsatsa tana cin bodinta, kuma ba ta da jakar iska mai kare mutum a haɗari.

Inda aka fara gangarowa

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi. Tunda da kuɗin waje ake sayo sassan motar, farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Sai motocin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, suka cike giɓin, galibinsu Toyota da Honda da Golf. A hankali hukumomin gwamnati su ma suka koma sayen motocin Japan.

A 2006 gwamnatin tarayya ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors na Alhaji Sani Dauda. Bashin banki ya yi nauyi, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. An sake fara haɗa ƙirar 301 a 2014 bayan sabon tsarin motoci na gwamnatin Goodluck Jonathan, sannan a 2020 kamfanin Nesbitt Investment ya saye PAN daga hannun AMCON, ya karkata ga haɗa motocin kamfanonin ƙasar Sin. Wannan faɗuwa ta zo kusan lokaci guda da rufe masaƙun Kakuri, shi ya sa iyalai da yawa a kudancin Kaduna suka ji ta a tukunyarsu.

Sunan Peugeot bai bar Kaduna ba duk da haka. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, ya fara haɗa 301 a masana'antarsa da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Haɗin gwiwa ne tsakanin Ɗangote, gwamnatocin jihohin Kaduna da Kano, da kuma Stellantis, uwar kamfanin da ta mallaki Peugeot tun 2021.

406: motar da ta raba kan jama'a

Yawancin ƙorafin da ake ji a yau ba kan 504 ba ne, kan 406 ne da ƙannenta irin su 307 da 407. Masu 406 sun yarda da abubuwa uku: tana kama titi ko a kan gudu, kujerunta ba sa gajiyar da mutum, kuma mai giyar hannu tana da juriya. Shi ya sa har gobe direbobin haya na dogon zango suke riƙe da ita. Matsalar ita ce 406 ta zo da kwamfuta, amma aka ci gaba da yi mata irin gyaran 504.

A cikin motar akwai ƙwaƙwalwar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos. Ita ke karɓar saƙo daga na'urori masu auna zafi da iska da juyin inji, ta yanke yawan man da za a fesa. Ƙirar da ta biyo baya kuma tana da wani akwati mai suna BSI, wanda ke kula da fitilu, makulli, share-gilas da sauran kayan wuta. A irin wannan tsari, waya ɗaya tana ɗaukar saƙonni da yawa, kamar yadda layin data ɗaya ke ɗauke da WhatsApp da YouTube a lokaci guda. In mai gyaran wuta ya yanke waya ya yi haɗin gwangwan don saka rediyo ko ƙararrawa, sai saƙonnin su rikice, motar ta fara abin da masu ita ke kira aljanu: fitila ta kama da kanta, ko ta ƙi tashi da safe.

Abu na biyu shi ne zafi. Al'ada ce a gareji da yawa a cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, a kuma zuba ruwan rijiya a lagireto. Sakamakon haka injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwar ta ɗauka har yanzu a sanyi yake, ta ci gaba da fesa mai da yawa. Ruwan rijiya kuma yana haifar da tsatsa da toshewa. Daga nan sai a ce Fijo tana shan mai, tana kuma ƙona gasket.

Na uku giya ce. Giyabos mai sarrafa kanta ta AL4, wadda ke cikin Peugeot da yawa na wancan zamani, ba ta jure zafi da man da ba nata ba. In ta ga matsala takan maƙale a giya ta uku don ta kare kanta. Na huɗu kuma bel ɗin taimin: saɓanin sarƙar 504, wannan na roba ne, yana da wa'adi, kuma in ya tsinke mota tana tafiya yakan lanƙwasa bawul.

Akwai kuma bambanci tsakanin haɗin Kaduna da 'yar Kwatano. Wadda aka haɗa a Kakuri an daidaita ta da zafi da hanyoyin nan, wadda ta zo daga Turai kuwa an tsara ta don sanyi da lafiyayyen titi, kuma sau da yawa ta riga ta ci dogon zango kafin ta iso.

Inda wayar hannu ke taimakawa

Motocin fetur da aka yi wa kasuwar Turai daga 2001 suna da soket mai rami 16 da ake kira OBD2, galibi a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da akwatin fis. Ana samun 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner, mai mota zai ga lambar matsalar inji, zafin ruwa da ƙarfin batir. Wanda ya je duba mota da wannan na'ura zai iya gane ko an cire mai daidaita zafi: in an yi tafiya mai ɗan nisa amma zafin ya ƙi kaiwa wajen digiri 90, akwai alamar tambaya.

Na'urar tana da iyaka. Injin kawai take karantawa sosai, kuma tsofaffin 406 na kafin 2001 ba lallai su amsa mata ba. Don ganin abin da ke cikin BSI, birkin ABS da giyabos, akan yi amfani da na'urar Lexia da manhajar Diagbox, waɗanda aka yi musamman don Peugeot da Citroën. Wannan ma hanya ce ta tantance bakanike: wanda ya ce ya ƙware a Fijon zamani amma ba shi da wannan na'ura, lalube yake yi a duhu.

Kafin a biya kuɗi

Matashin da ke tara kuɗin motarsa ta farko zai amfana da ya duba waɗannan: a buɗe ƙarƙashin sitiyari a ga ko wayoyin suna nan yadda suka zo ko sun sha salatif, a ga ko fanka tana tashi da zarar an kunna makulli, alamar an haɗa ta kai tsaye, a duba launin ruwan lagireto, a tambayi lokacin da aka sauya bel ɗin taimin, in babu tabbaci a sa kuɗin sauya shi cikin lissafi, a gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke takardun kwastan. Ga wanda kuɗinsa bai da yawa, mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali.

Sai kuma lissafin sayarwa. Arahar da ta ja mutum ya sayi 406 ita ce za ta jira shi ranar da zai rabu da ita, domin Toyota ta fi ta riƙe daraja a kasuwar gwanjo. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin fetur ya zama abin da ake fara tambaya kafin kyan mota, don haka injin da aka lalata masa tsarin zafi asara ce ta kullum.

Mazauna Kaduna suna da wata dama da sauran garuruwa ba su da ita. Shekarun da aka yi ana haɗa Fijo a Kakuri sun bar kanikawa da masu gyaran wuta da suka koyi aikin daga tushe, wasu a cibiyar horarwa ta PAN, wasu a hannun waɗanda suka yi aiki a masana'antar. Wanda ya fara neman irin wannan bakanike kafin ya nemi motar, ya kuma tafi da shi ranar ciniki, shi ne yawanci yake cikin masu yabon Fijo a dandalin musu.