Abin Da Kwana Uku A Tanti Ke Koya Wa Ɗan Sikawut

Yawancin ɗalibai a filin fareti kaɗai suke ganin 'yan sikawut. Ranar Yara ta 27 ga Mayu ko bikin 1 ga Oktoba, za ka gan su cikin kaki, ga ƙyalle a wuya, ga usur a rataye, suna maci a gaban manyan baƙi. Shi ya sa da yawa suke zaton aikin ke nan: buga ƙafa da sara wa shugabanni. Wasu ma har tsokana suke yi, wai sojojin wasa ne.

Fareti ɗan ƙaramin sashe ne na harkar. Babbar makarantar ɗan sikawut ita ce sansani, inda za a kwashe yara daga gida na kwana biyu ko uku, babu uwar da za ta dafa, babu yayan da zai ɗebo ruwa, a ce su riƙe kansu da kansu. A nan ne ake gane wanda ya iya ɗaukar nauyi da wanda bai iya ba tukuna.

Da sansani aka fara

Ita kanta ƙungiyar a sansani aka haife ta. Wanda ya kafa ta, Robert Baden-Powell, hafsan sojan Birtaniya ne da aka haifa a 1857. Sunansa ya fito ne a yaƙin Afirka ta Kudu, lokacin da abokan gaba suka kewaye garin Mafeking tsawon kwana 217, daga Oktoban 1899 zuwa Mayun 1900. Da sojoji suka yi ƙaranci, sai aka ɗora wa yaran garin aikin kai saƙo, wasu a ƙafa, wasu a kan keke. Abin da Baden-Powell ya lura da shi a nan shi ne, idan aka damƙa wa yaro amana ta gaske, yakan riƙe ta fiye da yadda manya ke tsammani.

A watan Agustan 1907 ya gwada wannan tunani. Ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, wasu 'ya'yan masu hali, wasu 'ya'yan ma'aikata. Ya kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni da sunan wata dabba ko tsuntsu, kuma yaro ne daga cikinsu yake shugabantarsa. Kimanin mako guda suka yi suna kwana a tanti, suna koyon bin sawu, da kunna wuta, da ceton wanda ya shiga hatsari. A 1908 ya fitar da littafinsa mai suna Scouting for Boys, yara kuma suka shiga kafa rukunai da kansu a unguwanni, tun kafin ma a tsara musu ƙungiya. A 1910 aka kafa ta 'yan mata, Girl Guides, ƙarƙashin jagorancin 'yar'uwarsa Agnes.

Harkar ta iso Nijeriya a 1915. A 1920 aka yi babban taron sikawut na duniya na farko, wanda ake kira Jambori, a birnin Landan, inda kimanin yara 8,000 daga ƙasashe 34 suka hallara. A 1977 kuwa, tsaunukan Shere da ke kusa da Jos ne suka karɓi baƙuncin Jamborin Afirka na farko. Yau 'yan sikawut a duniya sun haura miliyan 50.

Rukuni: inda ba a ɓuya

Tsarin da aka gwada a Brownsea shi ne har yanzu ƙashin bayan ƙungiyar. Ana raba runduna zuwa ƙananan rukunai na mutum shida zuwa takwas, da shugaba da mataimaki, dukansu yara. Malamin sikawut yana nan yana sa ido, amma ba shi zai rarraba aiki ba.

Ku kwatanta wannan da ajinku. A ajin da ke da ɗalibai 60 ko 70, mutum zai iya zama a bencin baya daga farkon zango har ƙarshe ba a ji muryarsa ba. A rukunin mutum shida babu bencin baya. Idan aka ce kai ne mai itace, ka tsaya hira, to yau ba za a ci abinci ba, kuma kowa ya san dalili. Idan mai kafa turaku ya yi aikin ganin ido, iskar tsakar dare ce za ta tona masa asiri. Hukuncin sakaci yana zuwa nan take, ba daga bulalar malami ba, daga yunwa da sanyi da fuskokin abokai.

Shi ma shugaban rukuni darasinsa yake ɗauka. Ɗan shekara 14 da aka ce ya jagoranci sa'o'insa zai gano da wuri cewa tsawa ba ta dafa shinkafa. Sai ya riƙa fara aikin da hannunsa, ya raba shi da adalci, ya lallashi mai fushi, ya kuma san wanda ke jin tsoron duhu amma yana ɓoyewa. Ba a koyar da wannan a kan allo.

Yini guda a sansani

Kafin a buga turke ko ɗaya, ana duba wuri. Ba a kafa tanti a kwari ko a cikin busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya gangarowa da dare. Ba a kafawa ƙarƙashin bishiya mai matattun rassa, ko kusa da suri. Ana share ciyawa a kewaye saboda macizai da kunamu. Murhu yana zama nesa da tantuna, a gefen da iska za ta kore hayaƙi da tartsatsi. Ramin bahaya kuwa ana haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, ta ɓangaren gangare.

Da asuba usur ke tayar da kowa. Bayan ibada sai motsa jiki, sai shara da duba tantuna, sannan a ɗaga tuta. Da hantsi ake darussa: ƙulle-ƙullen igiya, karanta taswira, taimakon farko. Da la'asar akan fita tattaki ko a yi gasa tsakanin rukunai. Da dare a hura wuta a zagaye ta, a yi waƙe-waƙe, da wasan kwaikwayo, da tatsuniya da kacici-kacici. Kafin a kwanta sai an kashe wutar da ruwa, an tona tokar an tabbatar babu garwashi. Ranar tashi kuma ƙa'ida ita ce a bar wurin ya fi yadda aka same shi tsafta.

Ilimin da ake komawa da shi gida

Taken 'yan sikawut shi ne kasancewa cikin shiri, kuma abubuwan da ake koya a sansani sun fi amfani a gida fiye da a daji. Ga kaɗan daga ciki.

Idan gudawa ta kama ƙaninka da dare, kuma babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a kusa, ɗan sikawut ya san haɗin: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi asibiti. Ruwan da ba a yarda da shi ba kuma, a tafasa shi ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka.

Idan maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a kuma ɗaure gaɓar tamau da igiya. A kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne a ƙasar da kububuwa ke addabar manoma, har aka san asibitin Kaltungo a jihar Gombe da jinyar saran maciji.

Idan wuta ta ƙona mutum, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na tsawon mintuna, ba manja ko man goge baki ba. Idan jini na zuba, a danne raunin da tsaftataccen ƙyalle. Wannan ƙyallen wuyan da ake yi wa kallon ado, idan ta ɓaci yana zama bandeji ko maratayin karyayyen hannu.

Har gane gabas ba tare da waya ba ana koya. Kafa sanda a tsaye a fili, ka sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Bayan minti 15 zuwa 20 ka sa wata tsakuwar a inda inuwar ta koma. Ka ja layi tsakaninsu: tsakuwar farko tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. Makiyaya da mafarautan ƙasarmu sun daɗe da irin wannan sani, ta rana da taurari da sawun dabbobi. Rundunar da ta gayyaci wani dattijon maharbi ya yi mata darasin bin sawu za ta samu abin da babu shi a littafi.

Maganar tsaro

Akwai tambayar da iyaye za su yi, kuma suna da gaskiya. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, babu uban da zai ji an ce kwanan daji hankalinsa bai tashi ba. Bai kamata ɗalibi ya ɗauki wannan tsoro a matsayin takura ba.

Sai dai sansani ba dole sai a daji ba. Filin ƙwallon makaranta mai katanga a tsakiyar gari ya isa a kafa tantuna, a yi girki da itace, a yi duk darussan da aka lissafa. Inda kwana ba zai yiwu ba, ana iya yin sansanin yini, daga safe zuwa la'asar. Abin da ba a sassautawa shi ne ƙa'ida: izinin iyaye a rubuce, isassun malamai, malamai mata ga sansanin 'yan mata, akwatin magani, ruwan sha mai kyau, sanar da hukumar makaranta da jami'an tsaro, da sanin asibiti mafi kusa. Duk wanda ya gayyace ku sansani ba tare da waɗannan ba, ku ƙi zuwa.

Ko manyan ƙasashe sun ɗanɗana kuɗarsu a kan rashin shiri. A Jamborin duniya na 25 da aka yi a Saemangeum ta Koriya ta Kudu a Agustan 2023, mahalarta sun haura 40,000. Tsananin zafi ya kwantar da ɗaruruwa, an yi ƙorafin ƙarancin inuwa da rashin tsaftar banɗakuna, tawagogin Birtaniya da Amurka suka janye, daga baya kuma guguwa ta sa aka kwashe kowa daga filin. Rigakafi ya fi magani, ko ga masu kuɗi.

Bayan an naɗe tanti

Idan ɗan sikawut ya ɗaga yatsu uku yana gaisuwa, alkawari uku yake tunawa: sauke haƙƙin Allah da na ƙasa, taimakon mutane, da bin dokar ƙungiya. Ana kuma son kowace rana ya yi wa wani alheri ko da guda ɗaya ne, ba tare da jiran lada ba. Sansani na kwana uku ne, amma wannan alkawari na kullum ne.

Ayyukan kuwa suna nan a ƙofar gida. Kwalbatin da leda ta toshe kafin damina, rukuni ɗaya da shebur da kwando zai iya yashe shi a safiyar Asabar. Akwai dashen itatuwa, da kuma abin da ya fi dashen wuya, wato ban ruwa har su tsallake rani. Akwai tsallakar da 'yan firamare titi, da karantar da ƙanne a lokacin hutu, da share maƙabarta, da kai wa majinyata ziyara. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun san aikin gayya, mun kuma san 'yan agaji da ke tsara sahu a filin Idi. Abin da sikawut ya ƙara shi ne horo da tsari, da kuma miƙa ragamar a hannun yara.

Akwai wata al'ada da za ta ba sabon shiga mamaki: 'yan sikawut da hannun hagu suke musabaha a tsakaninsu. Wasu sun ce don shi ne ke kusa da zuciya. Wasu kuma suna danganta abin da ƙasar Ashanti ta Ghana, inda Baden-Powell ya je da rundunar mamaya a 1895, suna cewa jarumi da hagu yake riƙe garkuwa, don haka miƙa hagu alama ce ta amincewa. Ko wanne ne, wannan tsakanin 'yan ƙungiya ne. Idan ka dawo gida, ka miƙa wa manya hannun dama, ka rusuna yadda aka koya maka.

Ga mai son shiga

Ka fara tambayar malamin da ke kula da ƙungiyoyi a makarantarku. Idan akwai runduna, ka halarci taronsu sau biyu ko uku kafin ka yi maganar ɗinka kaki. Ka lura da abu biyu: shin yara ne ke jagorantar rukunai, kuma shin akwai wani aiki da suka yi wa unguwa a wannan zango? Idan maci kaɗai ake yi, to ka tarar da gyara, kuma kana iya zama cikin masu yin sa. Idan babu runduna sam, ku haɗu ku shida ko takwas, ku nemi malamin da zai tsaya muku, ku rubuta wa shugaban makaranta, shi kuma ya tuntuɓi reshen ƙungiyar sikawut na jiharku don rajista. 'Yan mata ma haka, ta hanyar Girl Guides ko sikawut, gwargwadon wadda ake da ita a yankinku.

Tabarma, da gidan sauro, da tocila, da kwano da cokali, da igiya mita biyar sun isa a fara. Ku je wa iyayenku da cikakken bayani: ina za a yi, kwana nawa, wane malami ne zai kwana tare da ku, da lambar wayarsa. Yaron da ya iya tsara wannan bayani ya riga ya ci jarrabawar farko.