Gubar Ƙarafa a Kayan Lambu: Farar Ƙasa da Gawayin Ɓuntu Suna Rage Ɓarna

'Yan gwarin Arewa da ke kasuwar Ose a Onica, da Fruit Garden a Fatakwal, da Gariki a Inugu suna sayen kaya ne bisa kyan ido da farashi. Sai dai ganyen da ya sha dalma ko kadmiyom ba ya sauya launi, wanki kuma ƙurar bayansa kaɗai yake cirewa. Hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙayyade miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyom a kowane kilo na ganyen miya.

Kayan waɗannan kasuwanni daga ɓangare biyu suke zuwa, kuma matsalarsu ba ɗaya ba ce.

A Kudu maso Gabas, yawan ruwan sama ya sa ƙasa tana da tsami, tsami kuwa shi ke narkar da ƙarafa har saiwa ta zuƙe su. Abin ya fi tsanani a gonakin da ke kusa da juji, da garejin kanikawa, da wuraren haƙar dalma irin na Enyigba da Ishiagu a Jihar Ebonyi. A nan garin farar ƙasa yana aiki sosai: idan ya rage tsami zuwa kusan maki 6.5 a ma'aunin pH, akasarin ƙarfen yakan maƙale a ƙasa. Gawayin ɓuntun shinkafa, wanda ake toyawa cikin ƙarancin iska, shi ma yana kashe tsami, ƙananan ramukansa kuma suna riƙe gubar. Ruɓaɓɓen takin dabbobi yana taimakawa, takin fosfet kuwa yana haɗuwa da dalma ta koma abin da ba ya narkewa, ko da yake wani fosfet ɗin yana zuwa da nasa kadmiyom.

Abin sha'awa ga mai jari shi ne kayan aikin suna nan kusa. Akwai dutsen farar ƙasa a Nkalagu, ga tsibin ɓuntu a injinan casar shinkafa na Abakaliki, ga kashin shanu a kasuwannin kara da Hausawa ke riƙe da su. Babban kuɗin da za a kashe na mota ne da ɗan dako.

Kano daban take. Ƙasarta ba ta da tsami irin na Kudu, don haka farar ƙasa ba ta ƙara wani abin kirki. Gubar tana biyo ruwan ban-ruwa ne daga masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa, musamman kuromiyom na majemu, ta shiga lambunan bakin Jakara, Getsi da kogin Chalawa. Taki da gawayi suna ragewa, amma muddin ruwan bai sauya ba, kowane rani sai an ƙara gubar.

Ya kamata a lura cewa duk waɗannan ɗaure ƙarfe suke yi, ba sa fitar da shi. Ƙarfin farar ƙasa yana raguwa bayan 'yan damuna, sai an sake zubawa, kuma gwajin ƙasa ne ke nuna adadin da ake bukata. Inda gubar ta yi yawa ba sa wadatarwa: a ƙauyukan Zamfara, inda dalmar haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 daga 2010, kwashe saman ƙasar aka yi baki ɗaya.

Alayyafo, ugu da latas sun fi tumatir da tattasai tara ƙarfe, saboda haka dillalin ganye ne ya fi bukatar sanin gonar da kayansa suka fito da ruwan da aka shayar da su.